Yadda Nababa Ya Yi wa Shaho Mulkin Bariki

Duk wanda ya zauna a unguwar Jigwada ta garin Keffi a shekarun da Turawa suka fara kafa bariki, in dai yana da kunne, to ya san Nababa. Ba sai ka gan shi ba, muryarsa kan riga shi shigowa lungu.

Abin da ya ba shi bakin magana shi ne wai ya yi wa Turawa aiki. Aikin kuwa, sau ɗaya aka kama shi dako, aka ɗora masa bahon wankan wani Bature daga Loko zuwa Keffi. Tun ranar da ya sauke bahon nan, labarin yake ƙara ƙiba a bakinsa. Da fari ya ce shi ne mai kula da kayan Bature. Da damina ta zagayo ya zama mai ba Bature shawara. Kafin a yi girbi, Bature ba ya kurɓar shayi sai ya aika an tambayo Nababa ko ya huce.

Amma duk cika bakin nan, akwai abu guda da yake so har cikin ransa, wato Hapsatu mai fura. Bazawara ce, tana zaune da uwarta a wani gida mai dangar kara a ƙarshen unguwa. Ita ma ba za a ce ba ta so ba, don akwai wata ƙwarya mai zane da ba ta zuba wa kowa fura a ciki sai shi. Matsalar ita ce Ubale mahauci, wanda shi ma yake nema. Ubale ba ya yawan magana, sai dai ya aiko da hanta.

Uwar Hapsatu, wadda kowa ke kira Dada, tsohuwar Bafulatana ce da ta bar ruga ta biyo mijinta gari, mijin kuma ya riga ta tafiya. A bayan gidansu akwai wata tsohuwar magarya da sarƙaƙiya ta nannaɗe, ƙaya kan ƙaya. A gindinta marigayin ya saba watsa wa tsuntsayen daji tsakin dawa kowace safiya, ya ajiye musu ruwa a kasko. Da ya rasu Dada ta ci gaba, ta mai da shi sadaka a gare shi. Kurciyoyi da gwara da marai da 'yan jajayen nan da ake kira bayin Allah, duk sun san lokacinta. A cikinsu akwai wata kurciya da ake kira Gurguwa. Marigayin ne ya tsince ta da karyayyar ƙafa, ya ɗora mata da tsinke da zare, yana cikin ciwon da ya zama ajalinsa. Ita ce abu na ƙarshe da hannunsa ya gyara, saboda haka Dada ba ta haɗa ta da kome.

To, sai wani shaho ya gano wurin. Ya sami wani dogon rimi a tsallaken hanya ya mai da shi mazauni. Sau da yawa in ya kawo sura tsuntsayen kan faɗa cikin ƙayar nan, ya tashi a banza. Amma jefi-jefi yakan dace.

Wata safiya Nababa ya zo gaisuwa, ya tarar da Ubale ya riga shi, ga kuma Mai'unguwa Lawal ya tsaya shan fura. Suna tsugune ke nan sai aka ji fuuu, aka ji tsiii, gwara ɗaya ta tafi. Dada ta dafe ƙirji, ta shiga waige-waige har ta hango Gurguwa a cikin ƙaya.

"Wata rana ita zai ɗauka," in ji ta. "Ranar nan ban san inda zan sa kaina ba."

Nababa ya yi dariya, ya gyara hula. "Haba Dada! Wannan ɗan tsuntsun ne ya hana ki sakat? Ni da na ga yadda Turawa suka kwantar da ƙasa guda? Ai da ni aka yi shawarar."

"Ɗan nan, ni dai ka ji damuwata. Ran Juma'a ƙanena Ɓoɗejo zai shigo daga ruga, shi zai saurari masu neman Hapsatu. Ni hankalina ba ya kanku, yana kan Gurguwa."

Da Nababa ya tsaya nan, da an rabu lafiya. Amma ya ga Hapsatu tana kallonsa, sai bakin ya ƙwace masa. Ya miƙe tsaye, ya buga ƙirji.

"Mai'unguwa, ka shaida! In shahon nan ya taɓa ko gashin Gurguwa kafin Ɓoɗejo ya yi sallama a bayan gidan nan, na haƙura da Hapsatu, kuma ƙafata ba za ta sake bin ƙofar gidan nan ba. In kuwa ya same ta da rai, Ubale ya janye."

"Na yarda," in ji Ubale, da sauri har ya kusa ƙwarewa.

Hapsatu ta ajiye ludayi. "Nababa, wa ya roƙe ka wannan rantsuwa?"

"Ke dai ki zuba ido. Mulkin bariki zan yi masa."

Da azahar Dada ta tafi gidan suna. Nababa ya aro gatari, ya zagayo bayan gida yana yi wa kansa bayani da ƙarfi, don maƙwabta su amfana. Abin da Bature ya fara yi da ya sauka, in ji shi, share fili ne. Ya sa aka sare kowane kurmi, aka nome kowace ciyawa, don kada abokin gaba ya sami maɓoya. Nababa ya dubi magaryar nan ya girgiza kai, ya ce ga tushen ɓarna. Kafin la'asar ya kai ta ƙasa, ya ja ƙayar gaba ɗaya ya jibge a jikin rumbu, can nesa da kaskon ruwa. Ya share wurin tas, har ya jera fararen duwatsu a gefe yadda ya gani a ƙofar bariki.

Dada ta dawo, ta tsaya ta riƙe baki.

"Ina magaryata?"

"An ɗauke ta daga aiki, Dada."

"Magaryar nan ta girme ka!"

"Shi ya sa ta gaji."

Da gari ya waye tsuntsaye suka sauko kan tsaki, suna ta waige, ba su gane gidan ba. Shaho ya leƙo daga rimi ya ga abin da bai taɓa gani ba, fili fetal, abinci a tsakiya, har da fararen duwatsu masu nuna masa wurin. Bai ko yi sauri ba. Ya sauko ya ɗauki marai, ya kai rimi, ya dawo ya ɗauki gwara. Gurguwa ta tsira ne don ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin turmin da ke kife a kan dutse.

Ubale, wanda yanzu ba ya fashin gaisuwar safe, ya leƙo ta kan danga. "Lallai abokin gaba bai sami maɓoya ba. Su ma ba su samu ba."

"Kai mahauci, me ka sani a harkar yaƙi? Yanzu ai mun gano ta inda yake fitowa."

"Daga sama," in ji Hapsatu. "Da ta ƙarƙashin ƙasa muke zato?"

Nababa bai kula ta ba. Ya ce laifin ba na fili ba ne, shahon ne bai san an canza zamani ba, don ba wanda ya sanar da shi. Ya samo tsohuwar garwar kananzir da muciya, ya tsaya a gindin rimi, ya buga har karnukan unguwa suka ɗauka.

"Kai shaho! Ana gaya maka! Zamanin hari ya wuce! Daga yau duk wanda ya kama wani ba bisa doka ba, zai gamu da hukuma! Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba!"

Duk wani tsuntsu mai tsoron Allah da ke Jigwada ya tashi ya bar unguwar. Shaho kaɗai ya zauna ya saurari shelar har ƙarshe, yana gyaran fiffike. Da aka gama ya ɗaga wutsiya ya saki amsarsa, ta sauka a kafaɗar mai shela.

Nababa ya goge da ganye, ya ce ya gane inda gizo ke saƙa. Doka ba ta tsayawa sai an ga mai ita. Abin da bayan gidan Dada yake bukata shi ne Bature.

Ya kuwa yi shi. Ya cusa ƙaiƙayi a farin wando da farar taguwa, ya ɗaura su a jikin gora mai tsawo. Ya shafe tulu da jar ƙasa ya zama fuska, ya manna masa gashin masara a ƙarƙashin hanci. Ya shafe ƙwarya da farar ƙasa ya kifa a kai. Gaskiya ba za a hana shi ba, abin ya yi kama. Ya kafa shi tun da sassafe, ya yi tsawo har kai da kafaɗu suka zarce danga.

Matan da suka fito ɗibar ruwa su suka fara hango farar hular. Tulu biyu suka fashe a wurin. Kafin rana ta ɗaga labari ya gama unguwa cewa Bature ya sauka gidan Dada. Wasu suka ce kamun 'yan dako ya zo yi, sai majiya ƙarfi suka tsallake danga suka nufi gona. Wasu suka ce awaki ya zo gani, sai wani dattijo ya tura akuyarsa ƙarƙashin gado ya zauna a kai yana tari don ya rufe kukanta. Mai'unguwa Lawal ya zura babbar riga a bai-bai, ya sa aka tattaro ƙwai da kaji, ya taho da dattawa. Tun daga nesa suka tuɓe takalma, suka zube a bayan danga, suka ɗaga hannu.

"Zaki! Zaki! Barka da sauka!"

Bature bai ce uffan ba.

"Ya yi fushi," in ji Mai'unguwa cikin raɗa. "Dubi yadda fuskarsa ta yi ja."

A nan ne Nababa ya fito daga bayan rumbu. Niyyarsa, Allah Ya sani, ya gaya musu gaskiya. Amma ya ga dattawan unguwa a durƙushe, har da waɗanda ke yi masa dariya a bakin masallaci, dukansu sun zuba masa ido suna neman ceto. Sai wani daɗi ya taso masa tun daga tafin ƙafa. Ya matsa kusa da gora, ya kai kunne, ya gyaɗa kai.

"Ya ce ya ji gaisuwarku."

"Zaki! Mun gode!"

"Ya ce unguwar nan ba a girmama manya. Ya ce akwai wani Nababa, mutuminsa ne, a riƙa ba shi wuri a inuwa."

"Za a ba shi! Wallahi za a ba shi!"

"Ya ce ƙwan nan a kai wa Nababa ya duba. Ya ce kuma akwai wani mahauci..."

Bai ƙarasa ba. Shaho ya sauko da wata 'yar tsuntsuwa baiwar Allah a ƙafa, ya duba ya ga an kafa masa wurin zama kusa da abinci, ba sai ya wahala zuwa rimi ba. Ya dira a kan farar hular, ya gyara tsayuwa, ya fara fige. Ƙwaryar ta karkace. Tulun ya yi lilo, ya tsinke daga gora, ya faɗo ta bayan danga, ya gangaro har gaban gwiwar Mai'unguwa.

Keffi ta riga ta ga abin da ke biyo baya in aka taɓa Bature, don an taɓa kashe wani a garin, ba ta kuma manta ba. Mai'unguwa ya ɗora hannu biyu a ka ya kurma ihu.

"Wayyo! An sare kan Bature a unguwata! Mun ƙare! Ku kwashe yara!"

Dattawa suka watse, kaji suka tsinke igiya, aka tattake ƙwai. Sai da wata tsohuwa ta zo ta taɓa kan da sandarta, ta ce, "Wannan ai tulun Hapsatu ne, ga inda na liƙe mata shi da ƙaro." Mai'unguwa ya sauke hannu a hankali. Ya dubi tulun, ya dubi gashin masara, ya dubi tafinta. Sannan ya sunkuya ya ɗauki takalminsa, ba don ya sa ba. Ranar nan Nababa ya zagaya Jigwada da gudu har sau ba adadi, dattijo na biye da shi da riga a bai-bai.

Wani da ya sha wannan sai ya kwanta ciwon ƙarya. Nababa kuwa washegari ya dawo da ƙulu a goshi da sabuwar dabara. Ya ce ya tuna babban sirrin Turawa. Ba da bulala kaɗai suke hana masu hari hari ba, albashi suke yanka musu. Mai ƙoshi ba ya fita farauta. Saboda haka za a yanka wa shaho albashi.

Ya tafi mahauta ya tsaya gaban abokin takararsa ba kunya. Ubale ya saurare shi har ƙarshe, sai ya cika masa ƙwarya da huhu da hanji, ya ƙara masa da tumbi, ya ce kyauta ne, in bai isa ba ya dawo. Mutum mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa dalilin wannan alheri. Nababa ya ce ai Ubale ya karaya ne.

Ya rataye albashin a jikin gorar da Bature ya bari. Shaho ya dubi naman ya kau da kai, don shi ba ya cin abin da bai kama da ƙafarsa ba. Amma akwai masu so. Shirwa suka fara zuwa, hankaki suka biyo. Sai ga ungulaye, manya masu saɓa-saɓan wuya, suka jeru a kan ɗakin Dada, a kan rumbu, a kan danga, sun yi tsit suna jiran rabo. Maƙwabta suka hango su, suka yi salati. Kafin Dada ta san abin da ake ciki mata sun fara shigowa da mayafi suna share hawaye, suna cewa Allah Ya jiƙan tsohuwa, ta yi zama da mutane lafiya. Dada ta fito daga ɗaki da tsintsiya a hannu ta karɓi gaisuwar mutuwarta da kanta. Wata shirwa kuma ta kawo sura ta saki hanji a cikin ƙwaryar nonon Hapsatu, cinikin ranar ya tashi.

Abin da ya fi muni shi ne, tsuntsayen Dada suka daina zuwa. Gwara da marai da bayin Allah duk suka ƙaura. Gurguwa kaɗai ke saukowa, tana ɗingishi a tsakiyar filin nan ita ɗaya, don ba ta san wani gida ba. Shaho kuma ba shi da sauran abin kallo sai ita.

Ranar Alhamis da yamma Hapsatu ta tare Nababa a ƙofar gida. Ba ta yi masa dariya ba, shi ne ma abin da ya ba shi tsoro.

"Na roƙi Dada ta kama ta ta sa a akurki zuwa gobe, ta ƙi. Ta ce baƙuwa ce, Baba bai ɗaure ta ba, ita ma ba za ta ɗaure ta ba. Na ce ta fasa watsa tsakin, ta ce ba ta yanke wa mamaci sadaka. To saura kai. Don Allah gobe ka zo ka tsuguna kusa da ita da sanda, ka yi shiru, har Kawu ya iso. Shi ke nan abin da nake roƙo."

"Tsuguno? Da sanda? Kamar mai gadin shanya?"

"Nababa, ni ba na son zama gidan Ubale."

Maganar ta shige shi. Ya yi niyyar cewa to. Amma a ƙarƙashin rigarsa akwai wani yagaggen gidan sauro da ya roƙo wajen kukun bariki, kuma tun rana yake ganin kansa yana zagaya kasuwa da shaho a ɗaure.

"Gobe," in ji shi, "a gaban kowa zan kama shi da hannuna. Ki dama fura a ƙwaryar nan."

Safiyar Juma'a ya buga garwa ya gayyato unguwa. Mutane kuwa suka zo, don tun sare kan Bature ba wanda ke son a ba shi labari. Suka cika bayan danga, wasu suka shigo ciki. Mai'unguwa ya sa aka ajiye masa buzu a gaba, takalminsa na kusa da hannu. Nababa ya hau kan rumbu da babbar rigarsa ta Juma'a, ya kwanta rub da ciki a kan jinka, gidan sauro a hannu. Ya yi wa jama'a bayani cewa da shaho ya sauko zai watsa masa ragar daga sama, wato a yi wa mai sura sura.

Dada ta fito ba ta dubi kowa ba. Ta watsa tsaki, ta zuba ruwa a kasko. Gurguwa ta sauko. A daidai nan wani ya leƙo daga hanya ya ce ga Ɓoɗejo can ya ƙetaro rafi, da sandarsa a kafaɗa.

Shaho ya saki reshe.

Nababa ya zabura ya miƙe, ya yi kabbara, ya wurga raga. Ragar ta buɗe da kyau, ta yi sama, ta sauko ta lulluɓe Mai'unguwa da buzunsa. Jinkar rumbu kuma, da ba a yi ta don tsayuwar ƙato ba, ta zame. Nababa ya tafi da baya, ƙafafu a sama, ya dira zaune a tsakiyar tarin ƙayar da ya jibge da hannunsa. Ƙarar da ya yi, an ce har masu wanki a rafi sun ji.

Amma ga abin mamaki. Faɗuwar ta firgita shaho ya kauce kaɗan, ya sami ƙasa maimakon kurciya. Gurguwa ta tashi a gigice, ta hango ƙaya, ta tuna da ita, ta faɗa ciki. Ta kutsa ta kutsa har ta sami wani rami mai duhu ta shige. Ramin nan hannun rigar Nababa ne. Ta lafe a hammatarsa. Shaho ya koma sama ya shiga kewaya, inuwarsa na yawo a filin.

Hapsatu ta matso da gudu ta tsuguna a bakin ƙayar.

"Tana jikinka," ta ce a hankali. "Kada ka motsa. Kada ka ce kome. Ga Kawu a ƙofar gida."

Nababa ya daskare. Ƙaya ta kama shi ta ko'ina, a cinya, a baya, a inda ba a faɗa. Amma yana jin zuciyar tsuntsuwar tana bugawa a jikin haƙarƙarinsa, ɗif-ɗif-ɗif, ga kuma idon Hapsatu a kansa, cike da roƙo. Bai taɓa kusantar abin da yake so kamar yanzu ba. Ya dantse leɓe ya yi shiru. Mutanen Jigwada suka dubi juna, don ba su taɓa jin irin wannan shirun ba.

Ɓoɗejo kuwa mutumin ruga ne, ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba. Ga ƙofar gida cike da jama'a. Ana jiyo shi yana bi ɗaya bayan ɗaya, ina kwana, ina gajiya, yaya yara, yaya dabbobi, yaya ruwa ya yi muku bana. In ya gama da wannan ya koma kan na gaba ya faro daga farko.

Ubale ya ga Hapsatu na shirin kuɓuce masa. Bai ɗaga murya ba, ya dai juya wajen Mai'unguwa, wanda ke ta fama da raga.

"Kai, wani dai da sa'a aka haife shi. Faɗowa fa ya yi."

"Faɗowa kam ya yi," in ji Mai'unguwa daga cikin gidan sauro. "Da idona na gani."

Leɓen Nababa ya fara rawa. Hapsatu ta girgiza masa kai.

"Yaya mutanen gida?" in ji muryar Ɓoɗejo, yanzu daga tsakar gida. "Yaya tsofaffi?"

"Ashe mai ba Bature shawara haka yake faɗowa," in ji Ubale, "tim, kamar buhun gawayi. Gobe a mahauta zan ba da labarin. Zan ce kurciyar ce ta cece shi."

Aka fashe da dariya. Gumi ya karyo wa Nababa. Ƙayar zai iya jurewa, amma a ce a gaban unguwa guda abin da ya faru ba shirinsa ba ne? Ya ji maganar ta taso masa daga ciki, ta cika ƙirji, ta cika wuya. Ya haɗiye, ta dawo.

"Faɗowa?" Ya fashe. "Wa ya faɗo? Dira na yi! Tun ranar da na sare magaryar nan na shirya haka! Haka Bature ya koya mini, ka yi sama da hannu, ka..."

Ya kuwa yi sama da hannun.

Gurguwa ta fito fir. Ta miƙe kai tsaye inda ta saba gudu duk ranar tsoro, wato inda magarya take a da. Ta tarar da fili da fararen duwatsu. Shaho ya naɗe fiffike ya sauko, aka ji tas, ya tashi da ita ya nufi rimi.

"Salamu alaikum," in ji Ɓoɗejo, yana sako ƙafa bayan gida.

Gashi guda ya yi ta lilo a iska har ya sauka a bakin kasko. Dada ta taka a hankali ta ɗauke shi, ta dube shi, ta ƙulle a bakin zanenta. Ba ta yi kuka ba, amma duk wanda ya gan ta ya sunkuyar da kai. Har Ubale bai yi murmushi ba.

Hapsatu ta miƙe daga tsugunon, idonta ya kawo ruwa.

"Sallama ɗaya ta rage, Nababa."

Ya buɗe baki. A karo na farko tun da ya sauke bahon nan, bai sami abin faɗa ba. Yana nan zaune hannu a sama, sai ga 'yan jajayen tsuntsayen nan bayin Allah guda biyu sun dawo daga inda suka ƙaura, suka shige cikin ƙayar, suka sauka kusa da kunnensa suna 'yan kukansu. Dada ta gan su. Ta kawo kasko ta ajiye a gindin tarin, ta juye sauran tsakin a wurin.

"Ƙayar nan a bar mini ita a nan," in ji ta. "Shi kuwa ku ciro shi a hankali, kada ku karya mini reshe. In ya fita ya bi ta baya. Ya rantse ƙafarsa ba za ta sake bin ƙofata ba."

Aka ciro shi, rabin rigar Juma'a ya zauna a ƙaya. Ba wata hanya ta baya sai ɓular da awaki suka yi a gindin danga, ta nan ya durƙusa ya rarrafa.

Ɓoɗejo ya jingina da sandarsa yana kallon ƙafafun da ke ɓacewa. "Wannan kuma wane ne?"

"Mai ba Bature shawara ne," in ji Mai'unguwa.

Da Nababa ya fita hanya ya waiwayo ta tsakanin kara. Ya hango Hapsatu ta ɗauko ƙwaryar nan mai zane, cike da furar da ta dama tun asuba. Ta juye wa kawunta a wata ƙwaryar, ta ɗauraye mai zanen, ta kife ta a kan rumfa.